Kunnen Yaya Ilu

Tun da na dawo daga Jidda ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai, a majalisarmu ta ƙofar gida, har a wurin alwala sai an tare ni: "Malam Habibu, ya ƙasar? Wai da gaske ne ka je Umara ka ɓuge da alƙalancin ƙwallo?" Da gaske ne. Amma na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya tafi da ɓangaren da ya fi ba shi dariya. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi tun daga tushe.

Ni malamin motsa jiki ne a wata sakandare a Zariya, kuma wasan da na fi sani shi ne sofbol, wanda yawancinku ba ku taɓa gani ba. Mutum zai bugi ƙwallo da sanda ya sheƙa da gudu. Akwai tasha huɗu a filin, kowacce da ɗan farin matashi a ƙasa. Abokan hamayya su tsinci ƙwallon su jefa wa mai tsaron tashar, shi kuma ya cafe da safar fata. In ƙwallo ya riga ƙafa isowa, mai gudu ya fita, alƙali ya ce "aut". In ƙafa ta riga, ya tsira, alƙali ya ce "sef". Sau da yawa abin da ke tsakanin biyun bai kai ƙiftawar ido ba.

Babban wanmu, Yaya Ilu, shi ya koya min. Shi kuma a kwalejin horon malamai ya ɗauko wasan. Ina iya tuna shi a filin makaranta, ya riƙe min kafaɗa yana cewa, "Ido ba ya kallon wuri biyu, Habibu. Kafa idonka a kan matashi da ƙafa, ka bar wa kunne ƙwallon. In ka ji tas a cikin safa kafin ƙafa ta sauka, aut ne. Kuma kada ka yanke hukunci kana gudu. Alƙalin da ke gudu, idonsa ma gudu yake." In na ce masa ai tare suka iso, sai ya harare ni. "A wasan nan babu kunnen doki. Ɗaya ya riga ɗaya, kai ne dai ba ka lura ba."

Shekara ashirin da biyu ke nan da ya tafi Jidda aiki a wata masana'anta. Sau uku ya zo gida, na ƙarshen ya kai shekara tara. Da Allah ya nufe ni da zuwa Umara, Inna ta sa aka ƙulla masa daddawa da kuka da yaji. Da na durƙusa yin sallama ta ce, "Ka gaya wa ɗan'uwanka ya zo. Shi ke nan saƙona."

Daga Zariya zuwa Kano babu wani labari sai na taya da ta fashe mana a Kwanar Dangora. A filin jirgi ne aka fara wasa. An sanar cewa ba a shiga ƙasar da goro, sai wata tsohuwa da ke gabana a layi ta kwance bakin zaninta, ta fito da manya guda shida. Aka ce ta zubar. Ta ce goron da jikanta ya sayo mata ba zai shiga kwandon shara ba. Ta raba mana biyar, ta zauna a kan jakarta ta cinye na shidan tas, sannan ta miƙe ta ce, "To, a caje ni."

A cikin jirgi na sha sanyi, domin na ɗaura harami tun daga Kano, ban san sanyin jirgi ba ya jin kunyar mai ibada ba. Da muka sauka, ma'aikacin da ke duba kaya ya zaro wani ɗan ƙarfe daga jakata, irin wanda alƙalin sofbol ke riƙewa a tafin hannu yana murzawa don kada lissafin jifa ya kuɓuce masa. Ya jujjuya shi ya ce, "Tasbih?" Larabcina bai wuce na sallah ba, sai na kwatanta masa bugun ƙwallo da hannu biyu, haramina na neman zamewa. Ya yi dariya ya ce, "Aa, kura!" Ashe haka suke kiran ƙwallo. Wani dattijo ɗan Gumel da ke bayana ya ja da baya ya ce, "Kura kuma? A cikin jaka?"

A wajen fita na hango Yaya Ilu. Da ƙeyarsa na gane shi, da yadda yake tsayuwa ƙafafu a ware kamar mai jiran a jefo ƙwallo. Na zo ta hagunsa na ce, "Yaya!" Bai juyo ba. Na sake kira, na ƙara na uku, sai da na taɓa shi. Na ɗauka hayaniyar wurin ce. Gemunsa ya yi fari fat. Ya rungume ni ya daɗe bai sake ni ba, yana ta cewa, "Kai ne ka yi tumbi haka? Kai ne?" A ranar ya kai ni Makka a motarsa. Abin da na ji da na ga Ɗakin Allah ba na rubutawa ba ne, wanda ya je ya sani, wanda bai je ba Allah ya kai shi.

Gidan Yaya yana Ammariyya, tsohuwar unguwa mai lunguna kamar cikin birnin Zariya, sai dai gidajen sun miƙe sama. Hawa na uku suke, matakalar ƙunci gare ta, na'urorin sanyaya ɗaki na ɗigo wa mai wucewa ruwa a ka. Zafin Jidda ba irin namu ba ne. Namu yana ƙona mutum, nasu dafa shi yake, ka fito wanka kana gumi.

Matarsa, Anti Safiya, haifaffiyar Jidda ce. Kakanta ya taso daga Katsina a ƙafa, ya shekara bakwai a hanya, ya yi aikin Hajji bai koma ba. Hausarta irin ta tsofaffi ce, an yayyafa mata Larabci. "Yalla, ƙanina, ci," in ji ta. "Halas, ka zama ɗan gida, ba mai yi maka tayi." 'Yarsu Maryam tana karatun jinya. Tana jin duk abin da na faɗa, amma in za ta amsa sai ta fara da Hausa, ta yi tuntuɓe, ta ƙarasa da Larabci tana dariya. Ammu take ce min, wato Baffa.

Da safe wake ake ci, dafaffe lugub da man zaitun, a dangwala da wani faffaɗan burodi mai zafi da suke kira tamis. Ranar da ƙanin Anti ya gayyace mu gidansa a Safa, unguwar masu motoci da manyan kantuna, aka kawo gahawa a ɗan finjali kamar murfin kwalba. Ina shanyewa a ƙara. Na ga rashin ladabi ne in ƙi, mai gidan ya ga rashin ladabi ne ya daina. Sai a na takwas Maryam ta raɗa min cewa girgiza finjalin ake yi in an ƙoshi. Sannan aka kawo wani nama da suka ce abincin Hijaz ne na asali, sunansa sirih. Na kai baki na ji ƙuli-ƙuli da yaji. Na ce, "Jama'a, wannan ai tsire ne!" Mai gidan ya ce, "To da wa kake zaton ya kawo musu?"

Amma abin da ya tsaya min a rai shi ne lokacin da na miƙa wa Yaya ƙullin Inna. Ya kwance na daddawar, ya kai hanci, ya rufe ido. Mun zaci zai yi magana. Sai ya tashi ya shiga ɗaki da shi.

Ranar Juma'a, muna idar da Asuba ya ce in shirya. Muka nufi kudu, Madinar Masana'antu, inda babu komai sai rumbunan ajiya da manyan motoci. A bayan wani rumbu akwai fili na rairayi, an ja layi da farar ƙasa. Ma'aikata 'yan Filifin ne suka haɗa ƙungiyoyi, masu walda da direbobi da masu gyaran lantarki, suna wasa da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi. Shekara goma sha biyar Yaya na yi musu alƙalanci. Muna fitowa daga mota suka yo kansa, "Kuya Ilyas! Kuya Ilyas!" Na tambayi ma'anar Kuya, aka ce min Yaya. Ashe har a can sunan bai sake shi ba.

Ya ɗauki alƙalancin tasha ta ɗaya, ni na zauna a kan wata tsohuwar taya ina kallo. Tsayuwarsa tana nan yadda na san ta. Da an buga ƙwallo sai ya yi taku uku ya sami kusurwar da zai ga matashi da mai tsaro gaba ɗaya, ba kusa sosai ba don kada abin ya cika masa ido, sannan ya ƙame kamar an dasa shi. Raina ya yi fari. Na ji kamar ina ɗan shekara goma sha biyar.

A zagaye na huɗu aka buga wani ƙwallo ƙasa-ƙasa. Aka tsinta aka wurgo. Mai tsaron tashar, wani mai walda da ake kira Rodel, ya miƙe iya tsawonsa. Na ji tas, sannan ƙafa ta sauka. Aut ne, ko daga inda nake. Amma na ga kan Yaya ya yi abin da ya sha duka na a kansa: ya ɗaga daga ƙafa zuwa safa, ya komo ƙafa. Ya ware hannu biyu ya ce, "Sef!"

Na jira rigima, domin a gida da tuni an cika fili. Ba wanda ya ce uffan. Rodel ya dubi ƙasa, ya mayar da ƙwallon. Mai gudun ma bai yi murna ba. Kafin a tashi sai da hakan ya sake faruwa.

Ana shan ruwa Rodel ya zo ya zauna kusa da ni, muka yi magana da Turanci. Ya ce, "Kai ma alƙali ne, na ga fuskarka. Mun sani, ya fi shekara. Ba ya jin ƙwallon." Na ce to me ya hana su faɗa masa? Ya ce, "Lokacin da na zo ƙasar nan ban san kowa ba, matata ta haihu ina nan, yaron ya rasu ina nan. Mutumin nan ne ya zo ɗakina ya ja ni zuwa filin nan. In ya ce sef, sef ne."

Bayan La'asar na ce wa Yaya ina son ganin teku. Muka zauna a kan wani benci, na zaɓi damansa. Na daɗe ina neman bakin zaren, daga ƙarshe na ce, "Yaya, na fari a zagaye na huɗu aut ne."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Da nawa?"

"Da rabin taku."

Ya gyaɗa kai. "Na hagu ya mutu, Habibu. Na dama yana bin sa a hankali. Shekara goma sha takwas ina tsaye a gaban injin da ke matse ƙarfe. Safiya ta sani, Maryam ta sani. A wurin aiki ina kallon bakin mutane."

Na ce, "To ka zo gida mana. Inna ta ce in gaya maka ka zo. Ba ta ƙara komai a kai ba."

Ya mayar da idonsa kan teku. Sannan ya ce, "Iƙamata, takardar izinin zamana, a hannun kafili take, wato mai masana'antarmu. Na kusa sittin. In na nemi dogon hutu aka ce a duba lafiyata kafin a sabunta, shi ke nan. Ni in koma Zariya, to Safiya fa, da ba ta san kowa ba sai Jidda? Maryam fa, da ba ta taɓa ganin damina ba?" Ya share fuska da tafin hannu. "Kullum ina cewa baɗi. Ka san abin da nake mafarki? Ba gidanmu ba. Filin makaranta, bayan an yi ruwa, ƙasa ta yi ja, ciyawa ta jiƙa mana takalma. A garin nan ni lamba ce a jikin kati. Filin can na bayan rumbu ne kaɗai inda nake Malam Ilu."

Na so in tsaya nan. Amma shi ya koya min cewa alƙali ba ya ganin abu ya ce bai gani ba. Na ce, "Yaya, su ma sun sani. Sun fi shekara da sani."

Ya juyo gaba ɗaya. "Wa ya gaya maka?"

"Rodel."

"Wato sadaka suke ba ni." Ya miƙe tsaye. "Shekara guda ina zaluntar mutane suna yi min shiru kamar wani mahaukacin unguwa."

Haka muka koma gida. Kwana biyar muna gaisawa kawai. Ya fita aiki, ya dawo, ya ci abinci, ya shiga ɗaki. Na yi ta zargin kaina: na zo daga nesa na ƙwace wa mutum abu ɗaya da ya rage masa. Anti Safiya ta ce, "Bar shi, ƙanina. Ciwon da aka matsa shi ke warkewa." Ban yarda da ita ba a lokacin.

Ranar Alhamis da yamma ya shigo ɗakin da nake, ya jefo min wata shuɗiyar riga ta alƙalai. Ya ce, "Gobe wasan ƙarshe ne na gasar. Kai za ka tsaya a ta ɗaya. Ni zan koma ta uku." A tasha ta uku yawanci ba tseren ƙafa da ƙwallo ake yi ba, sai mai tsaro ya taɓa mai gudu da ƙwallon a hannu. Aikin ido ne zalla.

Filin ya cika a ranar, har da masu tukwanen taliya da kaza. Kafin a fara Yaya ya tara ƙungiyoyin biyu. Ya nuna kunnensa ya ce, "Wannan ya mutu, kun sani, ni ma na sani. Duk wanda na zalunta ya yafe min." Ya dubi Rodel. "Kai ma ka yi laifi. Wanda ya bar alƙali cikin kuskure bai taimake shi ba." Rodel ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Yaya ya nuna ni. "Wannan ƙanena ne. Ni na koya masa. In ya yi kuskure ku yi masa ihu, kada ku ji tausayinsa."

Sun kuwa yi min. Tun a zagaye na biyu wani direba ya zazzaga min magana da harshensu, na gode Allah da ban ji ba.

A zagayen ƙarshe ƙungiyar Rodel na gaba da ci ɗaya. An fitar da mutum biyu daga cikin abokan karawarsu, saura ɗaya wasa ya ƙare. Suna da mai gudu a tasha ta ɗaya. Aka buga ƙwallo ya yi nisa, mai gudun ya wuce ta biyu bai tsaya ba, ya nufi ta uku. Jifa ya taho kamar harsashi. Na ga Yaya, da shekarunsa, ya yi gudu ya zagayo ta inda jikin mai tsaro ba zai kare masa gani ba, ya tsaya cak kafin su haɗu. Mai gudu ya zube ƙasa ya sulalo da ƙafa, mai tsaro ya kai masa safa, ƙura ta tashi ta rufe su. Ƙwallo ya riga isa, kowa ya gani. 'Yan ƙungiyar Rodel suka fara tsalle suna rungumar juna.

Yaya bai ɗaga hannu ba. Ya sunkuya, hannu a gwiwa, ya jira ƙurar ta lafa. Sannan ya ce wa mai tsaron da wata murya da na rabu da ji tun ina saurayi, "Nuna min ƙwallon!" Mutumin ya ɗaga safa. Babu komai a ciki. Ƙwallon na ƙarƙashin cinyar mai gudu, ya suɓuce lokacin da suka yi karo. Yaya ya ware hannu. "Sef!"

Nan fa fili ya kaure. Rodel ya taho da gudu tun daga tasha ta ɗaya, ya tsaya a gaban Yaya yana ihu, jijiyar wuyansa ta fito, yana rantsuwa an riƙe ƙwallon kafin ya faɗi. Yaya ya harɗe hannu yana kallonsa. Ni da na san shi na ga yana danne murmushi. Shekara guda ba wanda ya yi masa musu. Da Rodel ya gaji, Yaya ya nuna masa tasharsa da yatsa, ya koma yana ƙunƙuni.

Mai bugu na gaba ya buga ƙasa-ƙasa. Na yi takuna uku, na tsaya, na kafa ido a kan matashi. Tas, sannan ƙafa. Na dunƙule hannu na ce, "Aut!" Wasa ya ƙare, su Rodel suka ci. A mota Yaya ya ce, "Da nawa?" Na ce, "Da tafin ƙafa." Ya ce, "Ka ɗan yi saurin faɗa. Ka riƙa jira ka ga ya riƙe." Shekarata arba'in da huɗu, amma daɗin da na ji ba ya misaltuwa.

Bayan kwana biyu suka raka ni filin jirgi. Maryam ta ce ta shawo kansa zai je a gwada masa na'urar ji. Ta haɗa kalmominta a hankali ta ce, "Ammu, ka gai da kakata. Ka ce ina so in gani ta." Yaya ya ba ni turare da dabino da sallaya mai laushi saboda gwiwar Inna. Na ce, "Me zan ce mata?" Ya ce, "Ka ce da damina, in Allah ya yarda." Na ce wace daminar? Ya kama hannuna ya matse, bai amsa ba. Ban sani ba ko bai ji ba ne.

Na iso Zariya da hantsi. Inna na zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta. Ta karɓi tsarabar ta ajiye gefe ba ta duba ba, ta ce, "Yaya ka same shi?" Na yi niyyar in ce lafiya lau. Sai na gaya mata komai, har da kunnen.

Ta daɗe tana kallon ƙasa. Sannan ta ce, "Shekara biyu in na yi masa magana a waya sai ya ce to, to, Inna. In tambaye shi abu ya ce to. Na ɗauka gajiya ya yi da ni. Na ɗauka wani laifi na yi masa." Ta goge ido da bakin mayafi. "Kira min shi."

Na kira, na sa mata wayar a hannu. Kun san Inna, ba a jin muryarta daga zaure. Kuma Yaya ɗan fari ne, tun da aka haife ni ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai "ɗan'uwanku" ko "mutumin Jidda". Na ji muryarsa ƙasa-ƙasa yana cewa, "Alo? Habibu? Ka sauka?" Inna ta riƙe wayar da hannu biyu, ta kai ta bakinta, ta ɗaga murya har kajin tsakar gida suka watse.

"Iliyasu! Ni ce! Kana ji na?"

Sannan ya ce, "Ina ji, Inna. Ina ji."